Muhawara: Da me za a auna amfanin binciken masanin kifi da kawa?

Nasiru, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo da wata tambaya da ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma na kawo ta nan ne domin a cikinku akwai waɗanda suka karanci harkar kifi a makaranta, akwai kuma waɗanda aka haifa a cikinta. Malaminmu ya ba mu aiki, kowa ya zaɓi masani guda ya bayyana tasirin bincikensa. Ni na zaɓi Farfesa Charles Peterson, Ba'amurke masanin halittun teku, wanda ya shafe fiye da shekara 40 yana aiki a cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Morehead City, kafin mutuwarsa a 2020. Mafi yawan aikinsa a kan kawa ne da danginta masu ɓawo, da yadda hanyoyin kama su suke shafar sauran kifaye. Abokan karatuna sun ce in buɗe Google Scholar, shafin intanet na neman rubuce-rubucen masana, in kwafo adadin ambaton da wasu masana suka yi wa rubuce-rubucensa, in miƙa, aiki ya ƙare. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Ga abin da ya sa. A 1998 shi da Hunter Lenihan sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a kogin Neuse, inda suka gina tuddan kawa a ƙarƙashin ruwa, wasu dogaye wasu gajeru, a wurare masu zurfi daban-daban. Lokacin zafi, ruwan da ke can ƙasa yakan rasa iskar oksijin, sai suka tarar kawar da ke kan gajerun tuddai a wuri mai zurfi ta mutu, wadda ke saman dogayen kuwa ta tsira. Ashe ƙarfen nan mai haƙora kamar manjagara, wanda jiragen masu kamun kawa suke ja a ƙasan ruwa, ba kawa kaɗai yake kwashewa ba, yana aske tudun da take zaune a kai, ya mayar da ita cikin ruwan da zai kashe ta. Wannan ne ya nuna wa masu farfaɗo da wuraren kawa cewa tsawon tudun ma abin lura ne. To, wanne ne tasirin binciken: yawan waɗanda suka ambace shi, ko tudun da aka gina da tsawo saboda shi?

Baba Garba, Yauri:
Wa alaikumus salam, Nasiru ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu. Kada wani ya ɗauka maganar kawa ta mutanen bakin teku ce kawai, domin muna da tamu a kogin Kwara, wadda take manne wa duwatsu inda ruwa ke gudu, kuma duk wanda ya taɓa taka ta ba takalmi, ko ta yaga masa koma, ya san ta. Na yi aikin malamin kifi har na yi ritaya, saboda haka zan amsa maka daga abin da idona ya gani. A 1993 aka fara aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin Kainji, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa. Abin da aka fi yi a farko bai wuce ƙirga ba: jirage nawa ne, taru iri nawa, kifi wane iri ake saukewa a kowace mashaya, nauyinsa nawa. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba ya jawo wa kowa suna. Amma wannan ƙirgar ce ta fito da ɓarnar dala fili, tarun nan mai ido kamar gidan sauro da ake ja zuwa gaɓa domin kama ƙananan kifin warangi, wanda yake kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa da sauransu tun ba su kai tsawon yatsa ba. Da aka ɗauki alƙaluman aka kai gaban sarakuna da sarakunan ruwa, aka zauna aka yi ta kai-komo, a ƙarshen shekarun 1990 aka haramta dala a tafkin. Rahotannin da suka jawo wannan, ban ga alamar masanan duniya sun damu da ambatonsu ba, alhali sun shiga rayuwar dubban masunta na Kebbi da Neja. Ni dai a wurina, binciken da bai iso bakin ruwa ba, bai gama tafiyarsa ba.

Dakta Bello, Jega:
Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da mafi yawan maganarka, sai dai ina jin tsoron kada Nasiru ya tashi daga nan da raina ambato. Ambato shi ne sawun da ilimi yake bari idan ya tashi daga hannun wani masani zuwa na wani, kuma sau da yawa ta wannan hanyar yake bi kafin ya iso bakin ruwan da kake magana. Zan ba da misali daga Peterson ɗin kansa. A 2003 shi da Jonathan Grabowski da Sean Powers sun yi lissafin cewa duk murabba'in mita 10 na tudun kawa da aka farfaɗo da shi a kudu maso gabashin Amurka zai ƙara samar da kimanin kilo 2.6 na kifi da manyan ƙaguwa da danginsu a kowace shekara, saboda tudun mafaka ne ga ƙananan kifaye, wurin kiwo ne ga manya. Kafin a sami irin wannan adadi, mai neman kuɗin gyaran wurin kawa ba shi da abin faɗi sai "yana da amfani". Bayan an same shi, ana iya zama da masu kasafin kuɗi a yi lissafi. Haka kuma a shekarar ce ya jagoranci nazarin da ya nuna cewa man da jirgin Exxon Valdez ya malalar a Alaska a 1989 bai gushe ba kamar yadda aka zata, ya maƙale a cikin yashi da tsakuwar gaɓa yana cutar da halittu fiye da shekara goma. Wanda zai yi nazarin malalar mai a Neja Delta yau, ta hanyar ambato zai gano wannan aikin. Ba na cewa adadin ambato ya isa ma'auni, amma jefar da shi ma kuskure ne.

Malama Hadiza, Argungu:
Salamu alaikum. Ni malamar nazarin halittu ce a makarantar sakandare, kuma tun da Nasiru ya sa wannan suna na koma na karanta abin da na samu. Dakta, da izininka, akwai wani aiki na Peterson da ba a ambata ba tukuna, wanda yana cikin ayyukansa da suka fi yin suna, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da tambayar. A watan Maris na 2007 mujallar Science ta buga nazarin da ya yi tare da Ransom Myers na Kanada da wasu mutum uku. Myers ya mutu kwanaki kaɗan kafin aikin ya fito. Abin da suka ce shi ne, an kashe manyan kifayen shak a gabashin Amurka har sun kusa ƙarewa, wannan ya ba wani kifi mai faɗi, ɗan'uwan kunamar ruwa da ake samu a Kwara da Binuwai, damar yaɗuwa ba mai cin sa, shi kuma ya cinye wani nau'in kawa mai ɓawo kamar mafici da ake kira sikalof, har sana'ar kama ta a Karolina ta Arewa, wadda ta kai shekara ɗari, ta durƙushe zuwa 2004.

Labari ne mai shiga kai, kowa yana iya riƙe shi, ni kaina da na same shi da wuri da na koyar da shi a aji a matsayin misalin sarƙar abinci. Jaridu sun ɗauka, littattafan makaranta sun ɗauka. A yankin mashigin ruwan Chesapeake na gabashin Amurka aka shiga kiran jama'a su ci wannan kifi domin a ceci kawa, aka riƙa shirya gasar harbinsa da kwari da baka, har da matan kifin masu ciki ake harbewa. Sai a 2016 Dean Grubbs na Jami'ar Jihar Florida da abokan aikinsa suka sake bin alƙaluman, suka nuna cewa kifin da ake zargi ɗa guda yake haifa a shekara, kuma sai ya yi shekara bakwai zuwa takwas kafin ya fara haihuwa, saboda haka ba zai iya yaɗuwa da saurin da aka ce ba. Suka kuma nuna cewa kawa ta fara raguwa tun kafin lokacin da aka ce ya yi yawa, saboda yawan kamu da cututtuka da lalacewar ruwa. A 2017 jihar Maryland, da ke yankin na Chesapeake, ta dakatar da gasar. Tambayata ga Dakta ita ce: duk wanda ya rubuta domin ya ƙaryata wancan nazari, shi ma ai ambato ya ƙara masa. Idan Nasiru ya kwafo adadin, ta yaya malaminsa zai bambance mai yabo da mai gyara?

Dakta Bello, Jega:
Malama, ba zai bambance ba, wannan gaskiya ne, kuma rauni ne da masana suka daɗe da sani. Amma ki lura cewa gyaran ma daga cikin gidan ilimi ya fito, wani masani ne ya karanta, ya yi shakka, ya sake lissafi. Har yanzu akwai masu ganin wani ɓangare na nazarin 2007 yana nan daram, musamman raguwar manyan shak.

Nasiru, Birnin Kebbi:
Malama, na gode ƙwarai, na san da wannan nazari amma ban san an yi masa raddi mai ƙarfi haka ba. Sai dai ina so in yi wa mutumin adalci. Tun kafin 2007 ya yi gwaji da hannunsa: ya kafa shinge na sanduna a cikin ruwa, tazarar da ƙananan halittu za su wuce amma wannan kifi mai faɗi ba zai iya shiga ba, sai sikalof da ke cikin shingen ta tsira, ta waje kuwa aka cinye ta lokacin da kifin yake wucewa a ƙaurarsa. Abin da ya gani a wannan wuri gaskiya ne. Matsalar ta taso ne da aka ɗauki abin da ya faru a 'yan wurare aka shimfiɗa shi a kan gaɓar teku gaba ɗaya, sannan wasu da ba su cikin binciken suka mayar da shi dalilin kisa. Shin za a ɗora wa masani alhakin abin da wasu suka yi da aikinsa?

Baba Garba, Yauri:
Za a ɗora masa wani kaso, Nasiru, kamar yadda za a ba shi kason yabo idan abin ya yi kyau, domin ba a karɓar ɗaya a ƙi ɗaya. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayanin Malama shi ne saurin da mutane suka yi na karɓar labarin. Dalilin a bayyane yake: labarin ya ɗauke laifi daga kan mai kamu ya ɗora wa dabba. Na sha ganin haka a nan. Idan kamu ya ragu, za ka ji an ce dorina ce, ko tsuntsaye ne, ko masu madatsa ne suka saki ruwa ba a kan lokaci ba, kuma wani lokaci akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda zai ce idon tarunmu ne ya yi ƙanƙanta, shi ne ba a son ji. Bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, kifin faliya ya yi yawa a shekarun farko har mutane suka ɗauka haka za a dawwama, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, cikin 'yan shekaru kamun ya faɗi. Wani ɓangare na faɗuwar dabi'ar sabon tafki ce, wanda yake samun taki daga ciyayi da gonakin da ruwa ya cinye sannan takin ya ƙare, wani ɓangaren kuma hannunmu ne. Raba waɗannan biyun shi ne aikin mai bincike, kuma ba ya yiwuwa sai da ƙirgar shekara da shekaru.

Sani, Ngaski:
Baba, ina neman afuwa, ni ɗan masunci ne, Basarke gaba da baya, kuma akwai gefen maganar dala da nake so a ji. Ƙanen mahaifina duk abin da ya mallaka ya zuba a dala guda da jirgi da inji, yana da yara fiye da goma da suke ci a ƙarƙashinsa. Ranar da aka ce a daina, na ga tarun nan a naɗe a zaurensa wata da watanni, ɓeraye suna ci, shi kuma yana zaune a gefensa ba ya magana da kowa. Ban ce hanin kuskure ba ne, domin ni ma na sha tsintar 'ya'yan giwan ruwa a cikin warangin da aka shanya, ana sayar da su a mudu, kifin da in an bar shi zai kai nauyin mutum. Amma idan ana lissafin tasirin bincike, a sa ƙanen mahaifina a cikin lissafin. Sannan a tambaya, yau ina maganar ta kwana? Duk wanda yake zuwa bakin ruwa da asuba ya san taru mai ƙaramin ido bai ɓace ba. Tasirin da ya tsaya muddin akwai mai sa ido, ya kau idan an daina, da wane suna za a kira shi?

Baba Garba, Yauri:
Sani, maganarka ta taɓa ni, kuma ba ni da abin musu a cikinta. Allah ya saka wa kawunka da alheri a kan abin da ya rasa. Mun iya ƙirga kifi fiye da yadda muka iya ƙirga mutanen da ke bayansa.

Malama Hadiza, Argungu:
Tambayar Sani ta ƙarshe tana da amsa a garinmu, ko da ba cikakkiya ba. Kogin Matan Fada ana rufe shi ne daga kamu har zuwa lokacin bikin kamun kifi, kuma abin da ya tsare wannan doka tun kafin bikin ya ɗauki siffarsa ta yau a 1934 shi ne Sarkin Ruwa da mutanen gari sun ɗauke ta tasu. Na karanta irin wannan a Gambiya, inda matan da ke ciro kawa daga saiwoyin itatuwan gaɓa a dausayin Tanbi suka kafa ƙungiyar TRY a 2007, a 2012 gwamnati ta ba su ikon kula da kamun kawa a wurin su kaɗai. Masu bincike sun taimaka da aune-aune, amma matan ne suka amince a rufe wata takwas a buɗe wata huɗu, su ne kuma suke tsare dokar, domin sun ga kawar tana girma tana ƙara kuɗi. Sai dai kada mu ruɗi kanmu da Argungu. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, mutane suka ce ai ruwa lafiya lau. Kifi guda ba ya ba da labarin kogi. Masanin kifi Daniel Pauly ya yi wani ɗan gajeren rubutu a 1995 inda ya ce kowane zamani yakan ɗauki abin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin yadda ruwa yake tun asali, saboda haka raguwa takan wuce ba a lura ba. Ɗalibaina suna ganin karfasa mai faɗin tafin hannu babba ce, kakata kuwa da irinta take ba yara su gasa.

Hajiya Rabi, Yelwa:
Sallama gare ku duka. Ni sana'ata banda ce, shekara 26 ke nan, 'yata ce take rubuta mini abin da nake faɗa. Shekarun baya wasu masu bincike daga wata jami'a sun zo wurinmu har sau uku, suka auna kifina ɗaya bayan ɗaya a kan wani katako mai lamba, suka tambaye ni itacen da nake ƙonawa da kuɗin da nake samu a kwali, na bar aikina na amsa musu har kifin wuta ɗaya ya ƙone. Sun yi alƙawarin dawowa su gaya mana abin da suka gano, har yau shiru. Mai yiwuwa sun rubuta, mai yiwuwa an ambace su, ni dai ban san ko tarwadar da nake saya tana raguwa ba ne ko idona ne. Abin da na sani shi ne, kwandon da a da kifi 30 yake cika shi, yanzu sai na zuba ninkin haka, kuma ƙaramin kifi ya fi cin itace, ya fi saurin karyewa a hanyar Onitsha. Malam Nasiru, idan ka tashi rubuta naka, ka sa tambaya guda: shin an koma an gaya wa waɗanda aka auna kifinsu?

Dakta Bello, Jega:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, wannan laifi ne da da yawa daga cikinmu muke da kaso a ciki. Nasiru, a kan wannan gaɓa akwai abin da za ka duba game da Peterson: ya zauna a hukumar kamun kifin teku ta jiharsa, tare da masunta da jami'an gwamnati, inda ake yanke dokar abin da za a kama da lokacin kama shi. Tun a 1987 ya nuna cewa tone ƙasan ruwa da farfelar inji domin fito da kawar da ke binne a yashi yana lalata ciyawar ruwa, har bayan shekara huɗu ba ta koma yadda take ba. Ka bincika ko dokokin jihar sun bi wannan sakamako, a wace shekara, kuma su wa suka yi adawa. Aikin ya fi kwafo adadi wuya, amma za ka iya kare shi a gaban kowa. Adadin ambaton ma ka sa shi, ka faɗi abin da yake nunawa da abin da ba ya nunawa.

Nasiru, Birnin Kebbi:
Na gode, iyayena. Zan bi ayyukansa uku, na tudun kawa da na ciyawar ruwa da na 2007, in nuna inda kowanne ya je bayan an buga shi, har da wanda ya jawo ɓarna. Yaya Sani, akwai aikin kammala karatu da ke gabana a zango mai zuwa, kuma ina so in yi shi a kan girman kifin da ake saukewa a wajenku. Ko mahaifinka zai yarda in zo?

Baba Garba, Yauri:
Kafin Sani ya amsa, ga abin da zan gaya maka. Ka fara gaida Sarkin Ruwa kafin ka fito da ma'auni. Ka isa mashaya kafin jirage su iso, domin da zarar 'yan kasuwa sun sa hannu, an ware manya an tafi da su, abin da za ka auna ba shi ne aka kamo ba. Ka auna tsawo, kada ka tsaya a nauyi, kuma ka tambayi idon taru da yatsu kamar yadda masu shi suke faɗa, yatsa biyu ne ko uku, daga baya ka mayar da shi santimita. Kada ka yi wata guda ka ce ka gama, domin kamun lokacin farin ruwa na damina daban yake da na baƙin ruwan da ke isowa daga Gini cikin hunturu.

Sani, Ngaski:
Na gaya wa mahaifina, ya ce ka zo, akwai ɗaki. Sharaɗinsa shi ne wanda Hajiya ta faɗa: idan ka gama, ka dawo ka karanta musu sakamakon da Hausa a bakin ruwa, da kwafi guda da za a bar wa Sarkin Ruwa. Ka taho da rigar sanyi da rigar kariya ta shiga jirgi, domin wasu mashayun sai an haye.